Yoyon Baƙin Mai da Ruwa a Tsohuwar Mota Mai Turbo: Ta Ina Ake Farawa?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen injiniyan kanikanci da ke shirin fita SIWES, ga wani aiki da ba makawa sai kun ci karo da shi a gareji tun makon farko. Mota za ta shigo, mai ita ya ce kullum sai ya ƙara baƙin mai, ko kuma duk safiya sai ya zuba ruwa, ga ɗigo a ƙasa inda ta kwana. Oga zai leƙa ƙasa, ya ga ko'ina baƙi ƙirin, ya ce a sauke kwanon mai a sa sabon gasket. Bayan kwana uku mota ta dawo da ɗigonta. An bar jaki an doki taiki ke nan. Mai mota ya yi asarar kuɗi, gareji ya yi asarar mutunci, kuma idan aka ci gaba da lallaɓawa a haka, wata rana inji zai buga a tsakiyar hanya, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma neman sabon inji.

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki inji guda ɗaya mu bi shi: injin 1.8T na kamfanin Volkswagen da Audi, wanda ke cikin Passat B5, Golf 4, Bora, da Audi A4 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Suna nan birjik a titunanmu, yawancinsu 'yan Kwatano, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ta haura shekara ashirin. Silinda huɗu gare shi, girmansa cc 1781, bawul biyar a kowace silinda, uku na shigar iska biyu na fitar hayaƙi, jimla 20. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. A Passat da A4 an ɗora shi a tsaye, gabansa na kallon lagireto. A Golf da Bora an ɗora shi a gicciye. Abin da za ka koya a kansa zai yi maka aiki a kusan kowace tsohuwar mota mai turbo.

Me ya sa mai turbo ta fi yoyo?

Dalili na farko zafi ne. Turbo hayaƙin inji ne ke juya shi, kuma sandarsa tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Yana manne da bututun hayaƙi, wurin da ya fi ko'ina zafi a ƙarƙashin bonet. Roba da filastik ɗin da suka shekara ashirin a kusa da wannan wuta sun gasu, sun bushe, ka taɓa su su karye kamar busasshen kara. Dalili na biyu, turbo yana ƙara wa inji hanyoyi. Akwai bututun da ke kai masa mai, akwai wanda ke mayar da man kwano, akwai biyu na ruwa, kuma kowanne yana da mahaɗa biyu da za su iya tsiyaya. Dalili na uku shi ne matsin iska, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Za mu dawo kansa, don a nan gizo ke saƙa.

Kafin ka ɗauki sifana

Tambayar farko: mene ne ma yake ɗiga? Shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Baƙin mai ka san shi, baƙi ko ruwan ƙasa, da santsi. Ruwan sanyaya inji na asali a waɗannan motoci shi ne G12, launinsa ruwan hoda, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, idan ya bushe yakan bar ɓawon burɗi-burɗi fari ko ruwan hoda a inda ya bi. Man sitiyarin waɗannan motoci kore ne, kuma ana yawan ɗaukarsa a matsayin ruwan lagireto. Shafa shi a yatsa, santsinsa zai faɗa maka gaskiya. Ruwa fari tas da ke ɗiga bayan an kunna esi kuwa ba yoyo ba ne, raɓar esi ce, ka bar ta. Kada ka ɗanɗana komai da harshe kamar yadda za ka ga wasu na yi. Sinadarin da ke cikin ruwan sanyaya inji guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa ne ke jan yara da dabbobi, don haka ko bokitin da ka tara shi kada ka bari a buɗe.

Abu na biyu, wanke injin. Wannan ne aikin da kowa ke ƙyashi, amma ba yadda za a yi ka gane mafarin yoyo a injin da ƙura da mai suka yi wa sulke. Bari ya huce, rufe altaneta da kwayil da soket-soket da leda, ka wanke da abin narkar da maiƙo, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka tayar, ya yi zafi, a ɗan zaga da motar minti goma zuwa sha biyar, a dawo ka duba da tocila.

Ƙa'idar dubawa guda ce: mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka inda ka ga ɗigo ba nan ne mafari ba. Bi sawun jiƙar zuwa sama da kuma gaba har ka kai wuri mafi tsayi da yake a jiƙe. Kwanon mai shi ne ƙasan komai, duk abin da ya zubo daga sama a kansa yake taruwa, shi ya sa kullum shi ke shan zargi. Idan yoyon siriri ne, barbaɗa hodar jarirai a wurin da kake zato bayan wanki, mai zai zana maka hanyarsa a cikin farin. Akwai kuma rini na musamman da ake zubawa a mai ko a ruwa, a haska da fitila mai hasken UV, yoyon ya yi ta walƙiya. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma hoda da tocila da ɗan madubi suna yin kashi mafi yawa na aikin.

Wuraren da mai ke bi

Fara daga sama. Gasket ɗin murfin bawul shi ne na farko da ke gajiya. Yana da zobe na waje da kuma na tsakiya da ke kewaye ramukan filogi. Zare kwayil ɗaya ka haska ramin: idan filogi na iyo a cikin mai, ka samu laifi ɗaya, kuma shi ne zai sa motar ta riƙa rawa tana tsallake wuta.

A bayan kan injin akwai wani wuri da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1.8T, taimin bel kamshaf ɗin hayaƙi kaɗai yake juyawa. Wata gajeriyar sarƙa ce a baya ke ɗaukar juyin ta kai wa kamshaf ɗin iska. Abin da ke ɗaure sarƙar yana aiki da matsin mai, a ƙarƙashinsa akwai siririn gasket da wata 'yar roba mai siffar rabin wata. Idan suka bushe, mai na gangarowa ta bayan inji, ya ɗiga a kan bututun hayaƙi, direba ya riƙa jin ƙaurin mai a cikin mota musamman idan ya tsaya a danja. A Passat da A4 wurin yana manne da bangon da ya raba inji da ɗakin direba, ba ka ganinsa sai da madubi, shi ya sa ake canza gasket ɗin murfi a bar shi, yoyo ya ci gaba. Wanda ya san aikinsa tare yake canza su. Ana danne abin ɗaure sarƙar da wani ɗan ƙarfe da kamfanin ya ba lamba 3366, a hankali, don idan ka matsa da ƙarfi za ka lalata shi.

Sai wurin filta. Filtar mai a kan wani ɗan akwatin alminiyam take ɗaure, wato abin sanyaya mai, wanda ruwa ke ratsawa ta cikinsa. Tsakaninsa da jikin inji akwai zoben roba guda ɗaya. Kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba, amma duk man injin ta nan yake wucewa da cikakken matsi, don haka idan ya fashe ba ɗigo yake yi ba, tsartuwa yake yi. Injin da ke tsaye a Passat da A4 man da yake ɗauka bai wuce wajen lita huɗu ba, ka ga ba a daɗewa ya ƙare. Jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka kashe inji nan take, ba wai "bari in ƙarasa gida" ba.

Sil ɗin kamshaf da na karanshaf na gaba suna bayan murfin taimin bel. Buɗe murfin sama ka duba: idan bel ɗin ya jiƙe da mai, an shiga haɗari, don mai yana cin robarsa, kuma wannan inji ne da idan bel ya tsinke fistin ke dukan bawul. Sil na baya, tsakanin inji da giya, shi ne na ƙarshe da za ka zarga, bayan ka tabbatar duk abin da ke samansa a bushe yake. Sauke giya ba wasa ba ne.

Numfashin inji

Yanzu ga batun matsin da na ce za mu dawo kansa. Kowane inji, ko sabo ne, ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya shiga cikin gangar jiki inda mai yake. A inji mai turbo abin ya fi yawa saboda matsin da ke cikin silinda ya fi ƙarfi. Dole a ba wannan iska hanyar fita, shi ya sa aka yi tsarin numfashi da littattafanku ke kira PCV: tiyo-tiyo da 'yan bawul da ke zuƙe ta su mayar cikin inji ta ƙone. Lokacin da inji ke silo, zuƙar manifol ce ke janye ta. Da turbo ya fara hura iska, manifol ya cika da matsi, sai wani ɗan bawul mai hanya ɗaya ya rufe, iskar ta bi ta bakin turbo.

To ka yi tunanin abin da zai faru idan tiyon ya toshe da daskararren mai, ko kuma ɗan bawul ɗin nan ya daina rufewa. A na farko iska ta rasa mafita. A na biyu turbo da kansa ke hura iska cikin gangar inji kamar ana hura balan-balan. Ko wanne ne, matsin zai nemi wuri mafi rauni ya tura mai waje. Ka sa sabon gasket, ya fito ta sil. Ka canza sil, ya fito ta bakin sandar awon mai. Idan ka ga inji na yoyo ta wuri uku ko huɗu a lokaci guda, ba gasket huɗu ne suka haɗa baki suka mutu rana ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Gwajin ba shi da wuya. Inji na silo, kwance murfin zuba mai ka ɗora shi sako-sako a bakin: lafiyayyen tsari zai ɗan tsotse shi ƙasa. Idan yana tsalle, hayaƙi na bugowa, akwai matsi. Idan kuma ya manne har da ƙyar ka cire shi, zuƙar ta yi yawa, wata roba ta yage a cikin tsarin. Bi tiyon da ke ƙarƙashin manifol ɗaya bayan ɗaya. A motar da ba a taɓa canza su ba, wasu a hannunka za su marmashe. Ɗan bawul mai hanya ɗaya kuwa ka hura shi: ta gefe ɗaya iska ta wuce, ta ɗaya gefen ta ƙi. A ganina, duk wanda zai taɓa gasket a wannan inji bai duba numfashinsa ba, aikin banza yake shirin yi.

Shi kansa turbo

Ana yawan cewa "sil ɗin turbo ya tafi", sai mutum ya zaci wata roba ce a ciki. Babu roba a nan, zafin ba zai bar ta ba. 'Yan zobban ƙarfe ne kamar ƙananan ringi, kuma ba su iya tare mai idan ya taru a bayansu. Mai yana shiga turbo da matsi ta sama, amma fitarsa gangarowa kawai yake yi ta bututun ƙasa zuwa kwano. Idan wannan bututu ya toshe, ko matsin cikin ganga ya hana man sauka, sai ya taru ya malala ta bangaren iska ko na hayaƙi, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Sau da yawa turbo lafiyarsa ƙalau, an dai shaƙe masa hanya ne. Kafin a yanke masa hukunci, cire tiyon bakinsa inji a kashe, ka taɓa sandar: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, matuƙar farfelar ba ta gogar jikin gidanta, motsi ciki da waje shi ne alamar ya gaji. Ɗan maiƙo a cikin bututun iska ba abin tashin hankali ba ne a tsohuwar mota, amma idan ka cire tiyon ƙasa mai ya zubo kamar an karkata kofi, da magana.

Bututun da ke kai masa mai siriri ne kuma yana bin wuri mai zafi, don haka mai yakan ƙone ya daskare a ciki. Wannan inji ya yi suna da daskarewar mai, har a 2004 kamfanin ya tsawaita garantin Passat da A4 masu 1.8T a Amurka zuwa shekara takwas saboda matsalar. Can ke nan, inda ba a fama da zafinmu da ƙurarmu. Maganinsa mai na kirki mai lambar amincewa ta VW 502 00, irin su 5W-40, da canji a kan kari, da barin inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin a kashe. Wanda ya sa sabon turbo a kan tsohon bututun mai, ya shirya sayen na uku. Wosha na tagulla da ke mahaɗar bututun kuma sau ɗaya ake matsa su, ba a maimaitawa.

Ɓangaren ruwa

Kada ka buɗe murfin tankin ruwa inji na da zafi. Tsarin a rufe yake da matsi, murfin ba ya sakin iska sai matsin ya kai wajen ba 1.4 zuwa 1.6. Matsin nan ne ke hana tafasa: ruwan da ke tafasa a digiri 100 a tukunya, idan aka ƙara masa matsin ba ɗaya sai ya kai wajen 120. Ka buɗe murfi, matsi ya faɗi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya watso maka a fuska. Daga nan ma za ka gane cewa murfin da ya saki shi kaɗai ya isa ya sa mota shan ruwa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

Hanya mafi kyau ita ce famfon gwajin matsi. Inji a sanyaye, ka ɗaura shi a bakin tanki, ka buga zuwa wajen ba ɗaya, ka zuba wa allurar ido minti goma sha biyar. Idan tana sauka, nemi inda ke zufa. A 1.8T wanda ake fara zargi shi ne mahaɗar filastik da ke jikin kan inji, inda tiyo-tiyo da sensar zafi suke haɗuwa. Tana tsagewa, ko ta lanƙwashe, ko zoben robarta ya kumbura. Lura da inda take: ƙasa kaɗan da gasket ɗin sarƙar nan da muka yi magana. Robar da ake yin tiyon ruwa da ita ba ta shiri da mai, tana kumbura ta yi laushi. Wato yoyon mai ne ke haifar da yoyon ruwa, kuma idan ka canza mahaɗar ka bar mai na ɗiga mata, ka sake dawowa.

Sauran wuraren su ne gefen lagireto inda filastik ya haɗu da alminiyam, tankin ruwa da ke tsagewa, gidan tamostat, bututun ruwan turbo, da hita da ke cikin dashbod, wadda alamarta jiƙar kafet da ƙamshi mai zaƙi a cikin mota. Famfon ruwa kuma, a yawancin waɗannan injina ban da na farko-farko, taimin bel ne ke juya shi, kuma na asali farfelarsa filastik ce da kan tsage ta daina juyi da sanda. Mota ta yi ta zafi, ruwa cike, ba ɗigo. Shi ya sa ake canza famfo tare da bel.

Bari in faɗi ra'ayina kan al'adu biyu na garejinmu. Cire tamostat "saboda ƙasarmu da zafi" ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne. A digiri 87 yake buɗewa, kuma an tsara injin ya zauna a wajen 90. Ba shi, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, mai ya kasa ƙone danshin da ke cikinsa, daskarewar nan ta ƙaru. Ta biyu, zuba ruwan rijiya ko na leda zalla. Gaskiya ne ba mu da ƙanƙara, amma sinadarin ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, shi ne ke hana tsatsa a ƙarfe da zaizayar alminiyam. Rabi sinadari, rabi tataccen ruwa irin na batir. Kuma kada a gauraya G12 da tsohon shuɗi ko kore, sukan koma taɓo mai ruwan ƙasa. Ƙwai da sauran abubuwan toshe yoyo da ake zubawa a lagireto kuwa ba sa tantance ramin yoyo da siririyar hanyar hita.

Idan mai da ruwa suka haɗu

Ka buɗe tankin ruwa ka ga maiƙo kamar kunun gyaɗa, kowa a gareji zai ce tof gasket. Dakata tukuna. Tuna akwatin nan da filta ke zaune a kai: mai da ruwa suna gudu a cikinsa, siririn bango ne kawai tsakaninsu. Matsin mai ya ninka na ruwa idan inji na gudu, don haka idan bangon ya huje, mai ne ke kutsawa cikin ruwa. Cire shi a gwada shi da matsi aikin awa guda ne. Sauke kan inji aikin kwanaki ne da kuɗi mai yawa.

Gasket ɗin kai yana da nasa shaidu: tiyon sama ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tayarwa, kumfa na tasowa a tanki ba ƙaƙƙautawa, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, filogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin tanki, idan hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma ɗorawa. Ɗan fari-fari a ƙarƙashin murfin mai shi kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye da sanyin hunturu takan yi haka. Idan an tabbatar gasket ne, a auna kan injin da madaidaicin ƙarfe da filagej. Lanƙwasar da ta wuce milimita 0.1 sai an kai shi an share. Kusoshin kai kuma irin masu miƙewa ne, sababbi ake sawa.

Wajen ɗaurawa

Yawancin gyaran da ke dawowa a wajen ɗaurawa aka ɓata shi. Goge fuskokin biyu tas, kada ka kankare alminiyam da sukudireba. Gam ɗin silikon ɗigo kaɗan ake sawa a kusurwoyin da gasket ke hawa tudu, ba a yaɓa shi ko'ina ba. Rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta je ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Notin murfin bawul da kusoshin mahaɗar ruwa Nm 10 kawai suke so, notin abin sanyaya mai Nm 25. Goman nan ƙarami ne ƙwarai, hannun da ya saba da notin taya zai wuce shi bai sani ba, ya tsage filastik ko ya cinye zare. Ku da kuka ga sifana mai awo a wokshof ɗin makaranta, wannan ne wurin amfaninta. Game da kaya, ko a Fanteka ta Kaduna kake ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka je da tsohon a hannu da lambar injin. Ƙarfe na Beljiyam ba laifi, amma roba da filastik na Beljiyam sa'annin wanda ka cire ne.

Bayan an haɗa, cika ruwa a hankali, buɗe hita zuwa ƙarshen zafi, ka bar inji ya yi ta silo har tiyon ƙasa ya ɗauki zafi fanka ta tashi, alamar tamostat ya buɗe iska ta fita. Kashe, bari ya huce sarai, ka cika zuwa layi. Sake wanke wurin da ka yi aiki, a zaga da motar yadda turbo zai hura sosai, don wani yoyon ba ya nuna kansa sai da matsi. Sannan ka yi wa tanki alama da maka daidai inda ruwan ya tsaya, ka shimfiɗa sabon kwali, ka ce wa mai motar ya dawo bayan kwana uku a duba alamar da sandar awon mai tun injin na sanyi.